Tarihin Awon Ciki da Gwajin Lafiyar Ɗan Tayi a Tambuwal da Kebbe

Kafin asibitin zamani ya kafu a kudancin Sakkwato, sanin halin da ciki ke ciki yana hannun ungozoma da tsofaffin matan gida, waɗanda aikinsu bai cika farawa ba sai naƙuda ta kama. Awo ya fara ratsa ƙauyuka sosai a zamanin Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, wanda ya ɗora kiwon lafiya na matakin farko a kan ƙananan hukumomi. Kayan aikin malamar asibiti a lokacin ba su wuce sikeli da abin auna hawan jini da ɗan ƙahon da ake ɗorawa a ciki domin jin bugun zuciyar tayi ba, don haka tana iya cewa ɗa na raye kuma ya kwanta daidai, amma halittarsa a ɓoye take sai ranar haihuwa.

Cutar ƙanjamau, wadda aka fara ba da rahotonta a Najeriya a 1986, ita ta mayar da gwajin jini ginshiƙin awo, bayan da aka fara shirin hana uwa sa wa jariri cutar a farkon shekarun 2000. Abin gwaji na nan take, wanda ɗigon jini daga yatsa ke isarsa, ya sa ƙaramin asibitin da ba shi da ɗakin gwaje-gwaje ya iya aikin. Sai dai wannan kulawa ta danne wasu cututtuka biyu da ba su gaza ta illa ba. Tunjere yana ratsa mabiyiya ya kashe tayi ko ya nakasa shi, alhali allurar fenisilin mai araha tana kawar da shi. Ciwon hanta nau'in B kuwa ana tare shi da rigakafin da ake yi wa jariri cikin awa 24 da haihuwa, abin da ke da wuya inda mafi yawan mata a gida suke sauka. Duk wanda ya yi aikin awo a karkara ya san cewa ranar da kayan gwaji suka yanke, na tunjere ne ke fara ɓacewa, kuma wannan sakaci ne da ba shi da uzuri.

Hoton ciki, wato sikanin, wanda Ian Donald ya fara bayyana amfaninsa a Gilasgo a 1958, ya iso ta manyan asibitocin birni, sannan ya bi hanyar Sakkwato zuwa Jega, wadda Tambuwal ke kanta. Mata sun karɓe shi hannu bibbiyu, ko da yake tambayar da aka fi yi wa mai na'ura ita ce namiji ne ko mace. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar zuwa awo sau 8, da yin hoto kafin mako na 24, lokacin da ya fi dacewa a duba ƙoƙon kai da ƙashin baya da zuciya. A nan ne ƙa'idar ta ci karo da kunya, domin mai cikin fari ba ta furta shi, sau da yawa sai ya fito fili take neman izinin maigida ta karɓi kati, wata ma sai ta je goyon ciki gidan iyayenta. Kafin nan lokacin maganin folik asid, wanda ke rage tsagewar ƙashin baya, ya wuce, tunda bututun da ke zama laka da ƙwaƙwalwa yana rufewa ne cikin kwana 28 na farko.

Gano tawaya ma ya zo da tasa tambayar. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa ta yi fatawa a Makka a 1990 cewa ana iya zubar da cikin da likitoci suka tabbatar da mummunar nakasarsa kafin ya cika kwana 120, amma dokar Arewa ba ta yarda ba sai don ceton ran uwa. Gwajin sikila tun a ciki kuwa, wanda ake yi a Legas, ya fi ƙarfin aljihun manomi, shi ya sa aka karkata ga gwaji kafin aure. Amfanin hoto a wannan yanki, saboda haka, shi ne shiri: matar da aka ga kan ɗanta ya tara ruwa, ko mabiyiya ta tare ƙofar mahaifa, ana tura ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, inda ake tiyatar ƙwaƙwalwa da ta jarirai. Ga mutumin Tambuwal wannan gajeriyar tafiya ce a kan kwalta, amma ga na ƙauyukan Kebbe, inda damina ke yanke hanya kuma rashin tsaro ya taƙaita zirga-zirga, dole a yanke shawarar tafiyar makonni kafin naƙuda.