Daga Dandali Zuwa Filin Murtala: Tarihin Filin Taro a Ƙasar Hausa

Kalmar dandali tana cikin kalmomin da masana harshe suke ganin Hausa ta aro daga Barebari. A Barno, dandal shi ne faffaɗan filin da yake miƙewa daga ƙofar gidan Shehu zuwa cikin gari, kuma Heinrich Barth ya tarar da irinsa a Kukawa a shekarar 1851. Da kalmar ta shigo Hausa sai ma'anarta ta sauko daga fada zuwa cikin unguwa. A garuruwan yammacin Zamfara, kamar Anka da Gummi da Bukkuyum, dandali shi ne inda 'yan mata suke gaɗa da farin wata, nan ne kuma ake kiɗan dambe da kokawa in an kawar da amfanin gona. Filin da yake gaban gidan sarki kuwa, ƙofar fada aka fi kiransa.

Abin lura game da waɗannan filaye shi ne, abin da ya kewaye su shi yake raya su. A Kano, filin Ƙofar Kudu yana manne da Gidan Rumfa, wanda asalinsa yake komawa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), ga babban masallaci kusa, ga unguwanni ta kowace fuska. Saboda haka ba ya rasa jama'a, ko da Hawan Daushe ko babu. Mai ƙara, da maroƙi, da mai tallan goro, da wanda ya zo gaisuwa, duk nan suke haɗuwa, ba wanda ya gayyace su, ba kuma mai tambayarsu dalilin zuwa.

Zuwan Turawa ya kawo wani fili na daban, wato filin sukuwa, wanda akan shata a bayan gari, kusa da barikin soja da gidajen ma'aikata. Kaduna, wadda ta zama hedkwatar Arewa a 1917, ba ta gaji fada irin ta Kano ko Katsina ba, don haka filin sukuwarta ne ya tsaya a matsayin ƙofar fada. Nan sarakunan Arewa suka hallara da dawakinsu a 1956 domin hawan daba na Sarauniya Elizabeth. A Kano sarki yakan karɓi jafi a ƙofar gidansa. A Kaduna kuwa sarakunan ne suka bar gidajensu suka zo kai gaisuwa a filin gwamnati, kuma wannan ba ƙaramin juyi ba ne ga wanda ya san darajar ƙofar fada. Bayan kisan Janar Murtala Muhammed ranar 13 ga Fabrairu, 1976, sai aka sa wa filin sunansa, ya ci gaba da ɗaukar fareti da tarurrukan siyasa.

Sai dai fili irin wannan yana da wani aibi tun asali: ranar biki ya cika maƙil, washegari ya zama fayau. Wannan ne gwamnatin Malam Nasiru El-Rufai ta nemi magancewa da ta sake fasalinsa, ta ƙara masa wuraren wasanni da na shaƙatawa, Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe shi a watan Janairu na 2022. Niyyar ta yi daidai, domin nema ake a ba filin jama'ar yau da kullum, irin wadda Ƙofar Kudu take samu ba tare da an nema ba. Amma akwai bambanci. Wanda ya nufi Filin Murtala da shiri yake zuwa, ya hau mota ko keke mai ƙafa uku, ya shiga ta ƙofa. Tsohuwar da take sayar da ƙosai a dandalin Gummi kuwa, daga zaurenta zuwa kaskonta taku kaɗan ne, masu sayenta kuma wucewa suke yi zuwa masallaci.