Miyar Kabewar Haiti, Miyar 'Yanci

Duk wanda ya ce miyar kabewar mutanen Haiti, wadda suke kira jumu, ba komai ba ce face girkin Faransawa da baƙar fata suka kwaikwaya, lalle ya zalunci tarihi, domin abin da riwaya ta zo da shi shi ne, a zamanin da Faransa ke mallakar ƙasar, bayi ne ke fere kabewar, su dafa ta har ta narke, su zuba naman shanu da kabeji da karas da attaruhu, su kai gaban iyayengijinsu, alhali an haramta musu ko ɗanɗanawa. A cikin bayin nan har da Hausawa, kamar yadda takardun gandayen wancan zamani suka nuna.

Bayin sun yi tawaye a 1791, har aka kai ga yaƙin Vertières na 18 ga Nuwamba 1803. Amma ni wadda al'amarinta ya fi kama mini zuciya ita ce Marie-Claire Heureuse, matar Dessalines, jagoran yaƙin 'yancin ƙasar. A 1800, sa'ad da aka yi wa garin Jacmel ƙawanya har yunwa ta fara kashe mutane, baiwar Allah nan ta roƙa aka buɗe hanya, ta shigo da ayarin mata ɗauke da abinci da magani, ta girka tukwane a bakin titi, ta yi jinyar masu rauni, ba ta tambayi ɓangaren kowa ba. Saboda haka ba abin mamaki ba ne da ake danganta mata rabon miyar nan ga jama'a ranar 1 ga Janairu 1804 a Gonaïves, sa'ad da mijinta ya shelanta 'yancin ƙasa. Masu jingina wannan rana ga Toussaint Louverture kuwa su yi hattara: shi jarumi ne babu jayayya, amma ya rasu a kurkuku a Faransa tun Afrilun 1803. Ita kuma ta yi tsawon rai, ta ɗanɗani talauci bayan kisan mijinta, ta rasu a 1858.

Daga baya Faransa ta ɗora wa ƙasar diyyar faran miliyan 150 a 1825, mulki ya yi ta sauyawa, amma ba a fasa ɗora tukunyar nan da asubahin kowace sabuwar shekara ba, ana aika wa maƙwabta da baƙi. A Disamba 2021 UNESCO ta shigar da ita cikin gadon al'adun duniya.