Yadda ake gane cututtukan kifin ado da hanyoyin magance su

Akwatin gilashi mai ɗauke da kifayen ado ya zama abin ƙawa a falo da ofisoshi da otal-otal da shaguna a birane irin su Kano da Kaduna da Abuja. Sai dai mutane da dama kan yi asarar kifayen da suka saya da tsada cikin 'yan makonni, domin da sun ga kifi ya yi laushi sai su garzaya neman magani, alhali mafi yawan cututtukan kifin akwati daga ruwa suke somawa. A cikin ruwa guda kifi ke numfashi, yake ci, yake yin kashi. Idan ruwan ya gurɓace, garkuwar jikinsa kan raunana, ƙwayoyin cuta su samu kafar shiga.

A fara da duba ruwa

Kashin kifi da ragowar abinci suna fitar da amoniya, wadda guba ce gare shi. Akwai bakteriya masu amfani da ke zaune cikin matatar ruwa, su ne ke mayar da amoniya zuwa naitirait, wadda ita ma guba ce, sannan su mayar da ita naitiret mai ƙarancin illa. Sabon akwati yakan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin waɗannan bakteriya su wadata, shi ya sa kifi ya fi mutuwa a akwatin da aka kafa kuma aka cika shi da kifaye a rana guda.

Masu sayar da kifin ado kan sayar da kayan gwajin ruwa. Abin da ake so shi ne amoniya da naitirait su kasance sifili, naitiret kuma kada ta wuce miligiram 40 a kowace lita. Idan kifaye suka taru a saman ruwa suna haki, ko gaɓar numfashinsu da ke gefen kai ta yi ja ko ruwan ƙasa, to a zargi ruwa tukuna. A kwashe kashi 30 zuwa 50 cikin 100 na ruwan a zuba sabo mai ɗumi daidai da na ciki, a dakatar da abinci kwana ɗaya ko biyu.

Ruwan famfo yana ɗauke da kulorin, mai kashe kifi da bakteriyar matata, don haka sai an ɗiga masa maganin cire kulorin kafin a zuba. Soson matata kuwa da ruwan da aka ɗebo daga akwatin ake ɗauraye shi.

Yanayi ma yana da tasiri. Galibin kifayen ado na ƙasashe masu zafi, kamar gupi da moli, sun fi son digiri 24 zuwa 28 a ma'aunin Selshiyas. Sanyin daren hunturu kan saukar da ɗumin ruwa farat ɗaya idan babu hita. A bazara kuwa ruwan zafi ba ya riƙe iskar oksijin da yawa, kuma idan aka ɗauke wuta famfon iska da matata suka tsaya, kifi na iya shaƙewa. Ƙaramin famfon iska mai batir ko mai caji yana rage wannan haɗari.

Cutar fararen ɗigo

Ita ce ta fi yawa. Ana ganin fararen ɗigo kamar ƙwayoyin gishiri a jiki da fikafikai, kifin kuma yana goga jikinsa da tsakuwa. Wata ƙaramar halitta ce ke jawo ta mai suna Ichthyophthirius multifiliis, wadda masanin Faransa Fouquet ya bayyana a 1876. Muddin tana cikin fatar kifi, magani ba ya isa gare ta. Idan ta ƙoshi sai ta faɗo ƙasa, ta lulluɓe kanta, ta rarrabu zuwa ɗaruruwan 'ya'ya, su fito cikin ruwa neman kifi. A wannan ɗan lokacin ne kaɗai magani ke kashe su. Saboda haka ɓacewar ɗigon ba warkewa ba ce. Ana ci gaba da magani wasu kwanaki bayan haka, jimilla kamar kwana 10 zuwa 14.

Ana ɗaga ɗumin ruwa sannu a hankali zuwa digiri 28 ko 30 domin halittar ta yi saurin fitowa, a ƙara iska, sannan a sa magani mai haɗin malakait girin da fomalin, ko tsantsar gishiri giram 1 zuwa 3 a kowace lita. Kifin zinariya ya fi son ruwa mai ɗan sanyi, kada a tsananta masa zafi. Kifaye marasa ɓawo kuma ba sa jure cikakken awo, akan ba su rabi.

Cutar ƙurar zinariya

Ta yi kama da ta baya, amma ɗigonta sun fi ƙanƙanta, kamar an barbaɗa wa kifin ƙura mai ruwan ɗorawa, an fi gane ta idan aka haska tocila cikin duhu. Halittar da ke kawo ta tana amfana da haske, don haka akan rufe akwatin da mayafi na wasu kwanaki, a sa magani mai tagulla. Tagulla tana kashe katantanwa da jatan lande, sai a fitar da su tukuna.

Ruɓewar fikafiki da farar auduga

Idan gefen wutsiya ko fikafiki ya yayyage yana zaizayewa, aikin bakteriya ne da suka samu dama saboda ƙazantar ruwa ko cizon wasu kifaye. Idan bai yi nisa ba, yawan canjin ruwa kaɗai kan wadatar.

Farin abu mai kama da auduga iri biyu ne, kuma rikita su yana jawo asara. Mai dogayen zare da ke fita a kan tsohon rauni fumfuna ce, ana magance ta da metilin bulu ko gishiri. Amma fari-farin tabo a baki ko a gadon baya mai saurin yaɗuwa, bakteriyar Flavobacterium columnare ce, tana iya kashe kifi cikin kwana ɗaya ko biyu. Zafi yana ƙara mata ƙarfi, don haka ɗaga ɗumin ruwa a nan ganganci ne. Tana buƙatar maganin kashe bakteriya bisa shawarar likitan dabbobi.

Kumburin ciki da rashin daidaito

Kifin da cikinsa ya kumbura, ɓawonsa ya miƙe tsaye kamar bayan abarba, ruwa ne ya taru masa, galibi saboda ƙoda ta gaza. Ba kasafai yake tashi ba. A ware shi. Wanda ke iyo a karkace ko ciki sama, musamman kifin zinariya mai dunƙulallen jiki, sau da yawa cin abinci ne ya yi masa yawa. A hana shi abinci kwana biyu ko uku, sannan a rage awon da ake ba shi.

Akwai kuma ƙananan tsutsotsin fata da na gaɓar numfashi da ido ba ya gani, masu sa kifi susa da haki ko da ruwa yana da kyau. Maganinsu firazikwantal, irin sinadarin da ake ba masu cutar tsargiya.

Ƙa'idojin sa magani

Ana auna magani da yawan ruwa. A ninka tsawo da faɗi da zurfin ruwan a santimita, a raba da 1,000. Akwati mai 90 da 40 da 40 yana ɗaukar lita 144. A cire gawayin da ke cikin matata domin yana tsotse magani, kada a haɗa magunguna biyu sai takardar magani ta yarda, kada kuma a zuba ragowar kafson mutane, domin yana iya kashe bakteriyar matata ya ƙara dagula ruwan. Malakait girin an hana amfani da shi ga kifin ci a Amurka da Tarayyar Turai, saboda haka bai dace a kai shi tafkin kiwon tarwaɗa ba.

Mai ciwo ko yanka a hannu ya sa safar roba kafin ya tsoma hannu, domin bakteriyar Mycobacterium marinum tana kama mutum ta fata, ta haifar da ƙurji mai jinkirin warkewa. Wanda ya ga irin wannan ƙurji ya shaida wa likita cewa yana kiwon kifi.

Sabon kifi kuwa a ajiye shi a wani ƙaramin akwati daban na mako 2 zuwa 4 kafin a haɗa shi da sauran, tare da ragarsa da bokitinsa na daban. Wannan, da canza kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ruwa duk mako, da ba da abincin da kifaye za su cinye cikin minti biyu ko uku, sun fi kowane magani araha.