Makarantar mazaje: mene ne ita?

Makarantar mazaje, wadda ake kira École des maris da Faransanci, shiri ne da asusun UNFPA na Majalisar Ɗinkin Duniya ya soma a jihar Damagaram a 2008, tare da ma'aikatar kiwon lafiya. Wani bincike ne ya nuna cewa mata da dama ba sa zuwa awon ciki ko haihuwa a gidan likita sai da izinin maigida, shi ya sa aka nufi maza.

Ba ta da aji, ba ta da malami. Magidanta ne 'yan sa-kai, kamar goma sha biyu, waɗanda gari ya yarda da halinsu kuma matansu ke zuwa likita. Sukan zauna sau biyu a wata, su tattauna da ma'aikatan lafiya kan awon ciki, haihuwa da tazarar haihuwa, sannan su kai maganar ga sauran maza a majalisa da wajen biki.

Daga Damagaram shirin ya bazu zuwa sauran jihohin Nijar, kuma ƙasashe irin su Burkina Faso da Kot Dibuwa sun ɗauke shi.