2.2 Tarihin Kayan Koyar da Darasin Nazarin Zamantakewa a Nijeriya

Wannan sashe zai waiwayi yadda kayan koyar da darasin Nazarin Zamantakewa suka samu a Nijeriya, tun daga littafi har zuwa intanet.

A zamanin mulkin mallaka, Tarihi da Labarin Ƙasa ake koyarwa, kowanne daban, kuma galibin misalan daga Ingila ake ɗauko su. An yi gwajin haɗa waɗannan darussa wuri guda a makarantar sakandare ta Aiyetoro da ke tsohuwar Jihar Yamma, wadda aka buɗe a 1963 da taimakon Amurka. Malaman makarantar ne suka rubuta littafin darasin na aji ɗaya da na biyu. Taron Mombasa na 1968 a ƙasar Kenya ya ƙara wa yunƙurin ƙarfi, inda aka amince cewa yaro ya fara da sanin muhallinsa kafin na wasu.

Sai dai abin da ya fi ɗaukaka darasin shi ne yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Hukuma ta ga cewa ƙasa mai harsuna ɗaruruwa ba za ta zauna lafiya ba muddin yaron Katsina bai san komai game da yaron Kalaba ba. Saboda haka Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta sanya shi cikin muhimman darussan firamare da ƙaramar sakandare. Amma fa yawancin littattafan da aka wallafa sun taƙaita al'adun ƙasar a kan Hausawa da Yarbawa da Ibo. Ɗalibi Babure ko Bajukune yakan gama littafi bai ga aure ko sarautar mutanensa ba, sai dai sunan ƙabilarsa a jikin taswira.

Rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda annobar korona ya tilasta komawa ga rediyo da talabijin da wayar hannu. A 2022 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, tare da UNICEF da Microsoft, ta ƙaddamar da dandalin Nigeria Learning Passport, mai darussa cikin Ingilishi da Hausa da Yarbanci da Ibo. Wannan ci gaba ne babba ta fuskar isar da karatu. Abin lura a nan shi ne, harsunan gida ukun da aka zaɓa su ne dai na ƙabilun nan uku da suka mamaye tsofaffin littattafan.