Danshi da Numfashi a Ɗakin Fentin Jirgin Sama

Jiragen saman da aka yi Yaƙin Duniya na Farko da su, yawancinsu katako ne da yadi. Sai a ɗinka yadin lilin a kan fiffike, a shafe shi da wani ruwan fenti mai kauri da ake haɗawa da selulos. Idan ya bushe sai yadin ya ɗame, iska da ruwa su kasa ratsa shi.

Babban abokin gaban wannan aiki shi ne danshi. Ruwan fentin yana saurin bin iska, yana sanyaya fiffiken, sai raɓa ta taru a kai kamar yadda take taruwa a jikin kwalbar ruwan sanyi. Fentin ya yi fari-fari, ƙarfinsa ya tafi. Dole masana'antun Ingila suka riƙa rufe ɗakunan fenti suna ɗumama su.

Ɗumi da rufi kuwa suka tara tururi mai guba. Sinadarin tetirakuloro'itan da ake narkar da fentin da shi yana cin hanta. Tun 1914 ma'aikata suka fara kamuwa da ciwon shawara, wasu suka mutu, kuma da yaƙin ya yi nisa mata ne suka cika waɗannan ɗakuna. A 1916 gwamnati ta wajabta kai rahoton cutar. Aka kafa fankoki kusa da ƙasa, domin tururin ya fi iska nauyi, daga baya aka daina amfani da sinadarin. Abin takaici ne a ce sai da aka yi asarar rayuka kafin a kula da iskar da ma'aikaci yake shaƙa.

Dabarar sarrafa danshi da inji ta riga haka zuwa: Willis Carrier ya ƙirƙiro ta a 1902 domin wata maɗaba'a a Buruklin ta Amurka.

Yau a rumfunan fenti na Boeing a Everett da na Airbus a Hamburg, na'urori ne ke tace iska, su daidaita zafinta da danshinta. Fentin zamani, foliyuretan, idan ya haɗu da laima sai ya yi ƙuraje. Idan iska ta bushe da yawa kuma, feshin ya daskare kafin ya kwanta, ƙura ta manne. Masu feshin suna aiki a rufe ruf, da takunkumin numfashi, saboda fentin shimfiɗa mai hana tsatsa galibi yana ɗauke da kuromet, wanda aka tabbatar yana haddasa ciwon daji.