Tsohon Jiki, Sabuwar Zuciya: Labarin Kan Jirgin Class 57

Duk wanda ya tsaya a tashar Paddington ta Landan da daddare, lokacin da jirgin kwana mai zuwa Penzance ke shirin tashi, zai ga wani koren kan jirgi a gaban taragu. Fuskarsa ta mutanen da ce, amma kukan injinsa ba irin nasu ba ne. Sunansa Class 57.

Asalinsa Class 47 ne. Tsakanin 1962 da 1968, sa'ad da Birtaniya ke sallamar jirage masu amfani da kwal, an ƙera irinsa har 512 a masana'antar Brush ta Loughborough da kuma ta Crewe. Injin dizal na Sulzer aka ɗora musu, mai ƙarfin doki 2,750. Ba a je ko'ina ba jikin injin ya fara tsagewa, dole aka rage masa ƙarfi zuwa 2,580 don ya yi ƙarko. A haka suka yi ta jan fasinja da kaya fiye da shekara 30, har gajiya ta bayyana.

Bayan an sayar da harkar jiragen ƙasa ga 'yan kasuwa, kamfanin Freightliner mai jigilar kwantena ya tsinci kansa da tsofaffin kawuna masu yawan mutuwa a hanya, ga sabo da ɗan karen tsada. Da makanikai suka duba, sai suka tarar gangar jikin garau take, zuciyar ce ta gaza. Aka mayar da su Loughborough, gidan da aka haifi da yawansu, aka ciro injin Sulzer, aka zura na EMD 645 ɗan Amurka, shi ma tsoho ne da aka yi wa garambawul, aka haɗa shi da wani janareta. Na farko, mai lamba 57001, ya fito a 1998. Masu sha'awar jirage suka laƙaba masa "ɓarawon gawa". Ni kam ina ganin sunan bai yi masa adalci ba, domin aikin gwanaye ne waɗanda suka san abin da ya mutu da abin da ke da sauran rai.

Zuwa 2004 an gyara 33. Kamfanin Virgin ya karɓi 16, aka maƙala musu maɗauri na musamman a goshi domin janyo jiragen lantarki na Pendolino idan sun maƙale. Huɗu kuma aka raɗa musu sunayen tsofaffin ganuwoyin yammacin Ingila, irin su Tintagel da Pendennis, aka ba su jirgin dare, su kwana suna tafiya fasinja na barci a bayansu.